An Soke Tara, Adda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayata, Adda Kulu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da Yaya Buba, da mutanen ruga baki ɗaya, da dabbobi. Ya aka ji da ƙarshen damina? Mu nan Ƙofar Dumi lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidan yana gaishe ku, ya ce a faɗa wa Yaya Buba rigarsa ta kusa, aikin wuya kawai ya rage.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa a nan intanet inda kowa zai karanta, alhali lambarki tana cikin wayata. Sau uku ina ɗaukar miki saƙon murya a makon nan, sau uku ina gogewa. Da na saurara sai in ji muryar ta koma ta ƙanwa, mai "to Adda, ba komai Adda." A rubuce na fi ƙarfin hali. Idan kin hau dutsen nan naku na neman sabis, ki samu inuwa ki zauna, don maganar da tsawo. Masu leƙe kuma su leƙa, yawancinsu iyaye ne.

Saƙonki ya iso. Kin ce a bar miki yarinyar, ta ci gaba da zama a wajenki, a mayar da sunanta makarantar can. Kin faɗa a hankali, har da 'yar dariya, kamar mai neman aron tukunya. Mako biyu ke nan ban ba ki amsa ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Kishinki nake yi, Adda. Na rubuta kalmar na tsaya ina kallonta, ban samu wadda ta fi ta dacewa ba.

Sai na fara miki da maganar tara kafin ki gane. Kin tuna tara ta makarantar firamare, lokacin da ake buga ƙarfe a saki yara su fita su ci abin da suka zo da shi su yi wasa? Har yau tara muke ce mata, duk da sai goma saura ake fita. A makarantarmu rabin awa ce. Ni ce mai buga ƙarfen, wani tsohon wilin mota da aka rataye a jikin dalbejiya, don an ce na fi kowa kiyaye lokaci.

Kin san yadda aka tashe mu. Yarinyar nan 'yar fari ce, kuma sunan marigayiya Inna ta ci, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ko Ummi da kuke ce mata, bakina bai saba ba, "ke" nake cewa, ita kuma ta san da ita nake. Ban yi mata rawa tana jaririya ba, ban ɗora ta a cinya a gaban mutane ba. A gidan haya muke, ga uwar maigidan a ɗakin da ke kallon nawa, ga maƙwabta. In na daɗe ina kallonta sai wata ta yi gyaran murya ta ce, "Malama, yau kuma kunyar ta tafi hutu ne?" Ita ma yarinyar Malama take ce min, kamar kowane ɗalibi.

To ajina yana fuskantar filin wasa. Da na buga ƙarfe sai in koma aji, in jawo littattafan yara kamar mai duba aiki, in zauna a bakin taga. Babu mai tuhumar malama don tana kallon fili lokacin tara, ai aikinta ne. Jan birona a hannu, amma ba na duba ko layi ɗaya.

A tagar nan na san 'yata. A nan na gane da ƙafar hagu take tsallen 'yar gala-gala, kuma sai ta zaro harshe kafin ta yi tsalle. A nan na gane tana maguɗi a carafke, tana ɓoye dutse ɗaya ƙarƙashin gwiwa. In an cinye ta ba ta kuka, sai ta tuɓe hijabi ta ɗaure a ƙugu ta ce a sake. Na san wadda take raba awara da ita, na san wadda suke gaba. Na san dariyarta a cikin dariyar yara fiye da yadda na san ƙarar wayata. A gida ba ta yin wannan dariyar. Rabin awa kullum, kwana biyar a mako, shi ne rabona da ita, kuma wallahi yana isata.

Sai korona ta zo aka rufe makarantu, boko da Islamiyya.

Ni kuma kin san ni da tsoro. Duk abin da rediyo ya faɗa na hau kai na zauna. Ga uwar maigidan da ciwon asma. Yaran layinmu ba wanda ya tsare su, tun safe suna lungu suna guje-guje tsakanin babura, iyayensu suna min dariya, har suka sa min suna Malama Korona. Ni kaɗai na kulle tawa. A lokacin haushinsu nake ji, ina cewa jahilci ne. Yanzu da na zauna na duba, har da ƙyashi a ciki, don su suna da zuciyar da za su ce "Allah Ya tsare" su ci gaba da tankaɗe, ni ba ni da ita.

Kin san tsakar gidanmu. Daga ƙofar ɗakina zuwa katanga taku tara ne, na ƙirga, kuma a cikin taku taran nan akwai murhu uku, da randa, da igiyar shanya. Wata rana yarinyar ta samu gawayi ta zana gidajen gala-gala. Gida huɗu kawai wurin ya ɗauka. Ta yi tsalle biyu ta ture bokitin maƙwabciya, aka yi ta faɗa, na sa ta ta wanke zanen da tsintsiya.

Daga nan ta koma zaman zaure. Akwai wata tsaga a jikin ƙyauren, sai ta durƙusa ta liƙa ido tana kallon yaran layi. In sun yi dariya ita ma ta yi, a makare. Ran nan na fito na tarar ƙyauren a buɗe, tana tsakiyarsu, ba takunkumi, ba takalmi. Na jawo ta da kunne har ɗaki, na yi mata dukan da ban taɓa yi mata ba. Ba ta yi kuka ba. Daga ranar ta daina zuwa zauren, ta rage cin abinci, ta koma kwanciya da rana tsaka tana kallon kwanon rufi. Sai maigidan ya ce, "A kai ta wajen Adda mako biyu ta sha iska." Ni da hannuna na haɗa mata kaya, har da littafin lissafi.

Mako biyun nan ne yau wata na bakwai.

Sai kika fara turo min bidiyo. Adda, na san da zuciya ɗaya kike turowa, don hankalina ya kwanta. Ga ta tana bin maruƙa da tsumagiya. Ga ta a kan tsamiya, a reshen da ko namiji sai ya yi tunani. Ga ta a rafi da 'yan matan ruga, zane a ƙirji, suna watsa wa juna ruwa. Ga ta cikin da'irar gaɗa da la'asar, ita ce a tsakiya ana cafe ta. A kowane bidiyo ina jin muryarki a bayan waya kina kiran sunanta kai tsaye, kina "a hankali, Ummi, a hankali," kina dariya. Ba ki ɓoye a bayan taga ba, ba ki riƙe biro don a ce aiki kike ba. Tsaye kike a fili kina kallonta iya son ranki, tun daga tatsar safe har shanu su dawo. Nakan kalli bidiyo ɗaya sau goma, in ji daɗi a na farko, sauran taran kuma raina a ɓace.

Kuma ba yau na fara ba. Tun muna gidan Baffa a Ƙofar Ran haka kike. Inna ta kora mu waje ta ce, "Ku je ku gaji, ku bar min ɗaki," ke ki fita kamar an kwance akuya, ni in tsaya a bakin zaure ina tsoron datti. In za a raba 'yan wasa ke ake fara ɗauka, ni kuma a ce "a ba mu Ma'u tunda ƙanwar Kulu ce." Da kika gama firamare kika ce ke birni ya ishe ki, kika zaɓi Yaya Buba da shanunsa, ni na ci gaba da karatu, sai na ɗauka na rama. Shekara da shekaru ina tausayinki. In za ki zo gari in tara miki tsofaffin atamfofina, ina jin kaina. Ban taɓa kawowa a raina akwai ranar da zan zauna a ɗaki mai fanka ina ƙyashin mai bukka ba.

Akwai kuma laifin bakina, shi ya fi ci min rai. Tun ranar suna, duk sanda zan ba ki labarinta, "'yarki" nake cewa. 'Yarki ta yi haƙori. 'Yarki ta fara tafiya. 'Yarki ta shiga aji ɗaya. Kowace mace mai kunya haka take faɗa wa yayarta, kara ce, hanyar ambaton yaro ce ba tare da an ce "nawa" ba. Na ɗauka ke ma kin san haka. Sai da na sake sauraron saƙonki na ji kin ce, "Tunda dama kullum kina cewa tawa ce." Ashe ni ina rufa wa kaina asiri da kalmar, ke kuma kina ajiye ta. Shekara takwas ina ba ki yarinya da baki, ban sani ba.

Ba na ganin laifinki a nan. Allah bai ba ki haihuwa ba, kuma ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba, ko sau ɗaya. A danginmu ba baƙon abu ba ne 'yar fari ta tashi a hannun yayar uwa, mu ma Goggo yayar Inna ce ta riƙe babban yayanmu. Da aka yaye ta kin nema, na ce sai ta yi wayo. Da ta yi wayo kin nema, na ce ai ta shiga makaranta, kuma makarantar gari ba irin ta ƙauye ba ce. Kika ce, "Gaskiyarki, karatu ya fi." Makaranta ce katangar da na ɓuya a bayanta, sai cuta ta zo ta rufe makarantar.

Yanzu an buɗe, sai dai ba makarantar da kika sani ba ce.

An raba yara biyu, 'yan safe da 'yan rana, don a samu tazara a benci. Kowa da takunkumi, ga bokitin wanke hannu a bakin ƙofa. Babu taron safe, babu motsa jiki, kuma an soke tara. Hedimasta ya ce in aka sake su fili za su cakuɗe, kuma dole 'yan safe su tashi da wuri don 'yan rana su samu wuri. Ban ga laifinsa ba, umarni aka ba shi. Yaro ya shigo ƙarfe takwas, ba zai ga rana ba sai an tashi, abincinsa ma a kan benci zai ci. In an tashi kuma ba a yarda kowa ya tsaya ba, daga aji sai ƙofa.

Filin kuwa, da maigadi ya ga wata da watanni ba mai taka shi, sai ya shuka gyaɗa da kuɓewa. Sun yi kyau ƙwarai, ƙasar ta sha hutu. Daidai inda 'yan mata ke zana gala-gala, nan kuɓewar ta fi tsayi. An ce a bar masa har ya cire, tunda ba amfanin da ake da wurin.

Da lokacin tara ya yi, ba agogo a ajin amma jikinsu ya sani. Sai ki ji benci ya fara ƙara, ƙafafu suna kaɗawa, wannan ya nemi izinin fitsari, wancan ma, har layi ya kai goma. Na gane ba fitsari ba ne, don daga aji zuwa bayi akwai ɗan nisa, kuma a guje suke zuwa, a guje su dawo. Na daina tambaya, duk wanda ya ɗaga hannu ina barinsa. Wata 'yar ƙarama a bencin gaba ta ja takunkuminta ƙasa ta tambaye ni, "Malama, ita cutar a cikin filin take zaune?" Na ce mata a'a. Ta ce, "To me ya sa mu aka kulle?" Na ce ta mayar da takunkuminta ta buɗe shafi na gaba.

Duk da haka na shirya na zo ɗaukar 'yata. Kin tuna Asabar ɗin da na zo, na ce miki gaisuwa ce kawai? Ba gaisuwa ba ce. Sabon yunifom ɗinta yana cikin jakata, maigidan ya ɗinka ya ƙara tsawo da ka. Tun a mota nake haddace abin da zan faɗa miki, da hujjojina a jere kamar mai shiga jarrabawa.

Na same ta ta yi baƙi, ta yi tsawo, ƙafafunta duk faso, kitsonta irin naku. Ta taho a guje, da ta gane ni ce sai ta rage gudu. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Malama," ta karɓi jakata ta kai bukka, ta koma wajen wasanta. Ladabi cikakke, ba abin da za a gyara. Na tsaya ina jin kamar sufeto ya zo duba makaranta.

Kika nuna min makarantar tasu, wadda iska ta yaye wa rufi, suke karatu a gindin ɗorawa. Na taɓe baki na ce wannan ai wasa ne ba karatu ba. Na kira ta don in kama ku, na ce ta kawo min jadawalin bakwai. Ta kawo shi tas har bakwai sau goma sha biyu, tana yi tana ɗingishi da ƙafa ɗaya, wai haka malaminsu ke sa su yi. Ni ajina rabinsu sun manta na uku. Na ce "ba laifi," amma ki yarda da ni, da ta yi kuskure ko ɗaya da na fi jin daɗi. Kin ga inda kishi ya kai ni, malama tana fatan ɗaliba ta faɗi.

Sai da yamma, ina shirin buɗe maganar, ta faɗo daga kan turken maruƙa ta kurje gwiwa. Ni na fi kusa da ita, taku uku bai cika ba. Akwai filasta a jakata, kullum da ita nake yawo saboda yaran aji. Ta miƙe jini na zuba, ta wuce ta gabana, ta faɗa jikinki tana "Inna, Inna." Kika ɗaga ta cak, ƙatuwar yarinya, kika hura mata ciwon kina zagin turken. A nan na ga tana kuka, ita da ban taɓa ganin ta yi kukan wasa ba. Ashe tana yi, wajen kai shi ne ba ta da shi.

Na fasa maganar. Na karɓi man shanu da kindirmon da kika haɗa min, na yi godiya, na dawo da yunifom ɗin yadda na je da shi. A mota wata tsohuwa ta tambaye ni ko rasuwa aka yi min, na ce mata mura ce.

Na nemi maigidan ya shiga maganar, ya ce, "Tsakaninki da yayarki ne, ni ba na raba zumunci." Uwarsa kuma ta ce ita ba ta ga abin tunani ba, yaro ai na kowa ne. Kowa ya zame ya bar ni da ke.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Bana ajina aka sa yarinyar, aji uku. Tun tana aji ɗaya nake jiran wannan shekarar, don malamar aji dole ta kira rajista kowace safiya, kuma a rajista ba kunya, sunan da aka rubuta shi ake kira. Na yi ta gwada shi a zuciya, yadda zan faɗe shi kamar na kowa, ba rawar murya. Tun da aka buɗe, in na iso layinta sai in tsallake, amma in sa mata alamar ta zo. Kullum. Hedimasta, in kana cikin masu leƙe, ka yafe min, ƙarya ce na yi ta yi da jan biro.

Shekaranjiya ya tara mu ya ce duk yaron da bai dawo ba zuwa ƙarshen makon nan a cire sunansa, a ba wani gurbin benci, don akwai masu jira. Sai maganar ta zama ba ta jinkiri ba ce. Ko in zo in ɗauke ta gobe, ko in ja layi.

Na zauna na auna abin da zan dawo da ita gare shi. Safiya a benci da tsumma a baki. Rana a taku tara tsakanin murhu da randa, don har yanzu tsorona bai tafi ba, na san kaina, zan sake kulle ƙyauren. Ko rabin awar da nake da ita babu, balle in ce don kaina na dawo da ita in riƙa kallo. Zan raba ta da rafi da tsamiya da wadda take kai wa kuka, in kawo ta inda za ta ce min Malama a aji ta ce min Malama a gida. Na nemi hujja ɗaya da ba kishi ba ce a ƙarƙashinta, na rasa.

Yau da safe, bayan na kira sunan kowa, na ɗauki rula na ja layi a kan nata.  Na kai wa hedimasta rajistar, ya duba ya dube ni, ya rufe ta ya ajiye, Allah Ya saka masa. Gobe wata yarinya za ta zauna a gurbin.

Don haka amsarki ke nan, Adda. Ki riƙe ta. Na san riƙo a wajenmu ba aro ba ne, ba a cewa a dawo da shi in an ga dama, kuma ba zan zo bayan shekara in ce na fasa ba. Zan aiko da takardar canjin makaranta da yunifom ɗin ta hannun Yaya Buba in ya zo karɓar rigarsa. In ya yi mata gajere ki saki kalmasa, an bar yadi a ciki.

Ki kula da ƙirjinta in sanyi ya shigo, tari yana kama ta da wuri. Ba ta son kuka a miya amma ba za ta faɗa ba, sai dai ta ce ta ƙoshi. Ki sa ta riƙa wanke hannu, ko da mutanen ruga za su yi miki dariya, ki ce Malama Korona ce ta ce. Ki bar ta ta hau bishiya, amma ba reshen nan na bidiyo ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma shi ya sa na rubuta a inda ba zan iya gogewa ba. Wata rana za ta girma ta tambaye ki yadda aka yi ta zo hannunki. Na san ki, za ki yi min kara, ki ce ai uwarki mai kawaici ce, ko da aka nema ba ta yi musu ba. Kada ki faɗa mata haka. Yarinyar nan ta tashi tana ganin ban damu da ita ba, kada ki ƙara mata shaida. Ki ce mata na yi musu shekara takwas. Ki ce mata na ji haushinki, na yi ƙyashinki, na yi fatan makarantarku ta lalace. Ki ce mata na san da wace ƙafa take tsalle. In ba ta yarda ba ki nuna mata wannan wasiƙar, lokacin ta iya karatu sosai.

Ke kuma ki yafe min abin da na faɗa a nan mai zafi. Ke kika goya ni kafin ki goya ta, kuma in da za a ce in zaɓi bayan da zan ɗora ta a duk duniya, naki zan zaɓa. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi.

Allah Ya ji ƙan Inna da Baffa, Ya haskaka makwancinsu. Allah Ya yaye mana wannan cuta, Ya buɗe wa yaran ajina ƙofa su fita su yi gudu har su gaji. Allah Ya raya yarinyar nan a hannunki, Ya tsare ta daga faɗuwa mai muni da ruwa mai zurfi, Ya sa ta ji ƙanki ranar da ƙarfinki ya ƙare. Allah Ya ba ki ladan riƙo, Ya bar mu tare. Ni kuma Allah Ya sassauta min wannan kishin, amma kada Ya cire shi duka, don shi kaɗai ya rage min nata. Amin.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Ma'u
Ƙofar Dumi, Bauchi